Asma da juna biyu a Legas: yadda za ki kula da numfashinki daga awon farko har arba'in

Mata da yawa masu asma, ranar da suka tabbatar sun samu ciki, ranar suke jefa inhela, wato maganin shaƙa, a ƙasan akwati. Wata tsoronta ne ya sa, wata kuma uwar miji ce ko maƙwabciya ta ce mata maganin asibiti yana da ƙarfi, zai taɓa abin da ke cikin. Niyya ce mai kyau, amma ita ce ke kai mata da yawa gadon asibiti a wata na bakwai. 'Yar'uwa, ɗan da ke cikinki ba shi da wata ƙofar samun iska sai jininki. Duk daren da kika kwana a zaune ƙirji yana kuka, iskar da ke isa gare shi ta mabiyiya ita ma raguwa take yi. Asmar da aka bari ba kulawa tana ƙara haɗarin haihuwar bakwaini, da haihuwar jariri maras nauyi, da hawan jinin masu ciki wanda ke kaiwa ga jijjiga. Magungunan shaƙa kuwa an shafe shekaru masu yawa ana ba masu ciki su a duniya, kuma likitocin huhu da na mata sun haɗu a kan cewa ci gaba da su ya fi aminci nesa ba kusa ba.

Likitoci sukan raba masu asma gida uku idan ciki ya shiga: kusan kashi ɗaya cikin uku ciwon yana lafawa, kashi ɗaya yana nan yadda yake, kashi ɗaya yana tsananta. Wadda asmarta ke da ƙarfi tun kafin ciki ta fi kusa da gida na uku, kuma yadda ciwon ya yi miki a cikin da ya wuce, sau da yawa haka zai maimaita. Don haka shiri ake yi tun farko.

Mataki na farko: awo da wuri, da magungunanki a hannu

Kada ki jira ciki ya fito. Da zarar gwaji ya nuna, ki je ki yanki kati, ki tattara duk abin da kike shaƙa ko sha a leda ɗaya, har da na kemis da na gargajiya, ki zube wa likita a tebur. Ki gaya masa yaushe ciwon ya tashi na ƙarshe, ko an taɓa kwantar da ke saboda shi, ko an taɓa sa miki oksijin, da kuma ko akwai maganin da ke tayar miki da shi, musamman asfirin da danginsa irin su ibuprofen da diclofenac.

Zaɓen wurin awo yana da muhimmanci a gari irin Legas. Idan asmarki mai sauƙi ce, sai jefi-jefi, ƙaramin asibitin unguwa zai iya riƙe ki matuƙar akwai likitan da ke duba ki. Amma idan an taɓa kwantar da ke, ko shuɗiyar inhela ta agaji ba ta rabuwa da hannunki, ki yi rajista inda akwai likitoci dare da rana, da oksijin, da ɗakin tiyata. Mazauna Idi-Araba da Mushin ga asibitin koyarwa na LUTH a ƙofar gida. Na Agege akwai babban asibitin Orile-Agege, ga sashen haihuwa na Ayinke House a cikin asibitin koyarwa na LASUTH da ke Ikeja. Na Mile 12 da Ketu suna iya duba asibitin Gbagada, na Obalende kuma Island Maternity. Ki auna nisan da cunkoson ƙarfe shida na yamma, kada ki auna shi da safiyar Lahadi. Ki kuma tambayi tsarin inshorar lafiya na jiha, Ilera Eko, a ji abin da yake ɗauka a kan awo da haihuwa.

Idan Turanci ko Yarabanci bai zauna miki ba, ki tafi da wadda za ta yi miki tafinta, kuma kada kunya ta sa ki ce “to” a kan abin da ba ki gane ba. Ki roƙi nas ta rubuta kalmar asma da manyan baƙaƙe a bangon katinki. Ranar naƙuda wannan rubutun zai yi magana a madadinki. Ki nemi a riƙa duba ƙirjinki duk wata, tare da awon.

Mataki na biyu: ki san magungunanki biyu, ki iya shaƙarsu

Maganin asma iri biyu ne, kuma rikita su shi ne babban abin da ke cutar da mutane. Akwai na agaji, salbutamol, wanda aka fi sani da Ventolin, yawanci shuɗi. Yana buɗe hanyoyin iska cikin 'yan mintuna, aikinsa ya ɗauki kamar awa huɗu, amma ba ya taɓa kumburin da ke cikin hanyoyin, wanda shi ne tushen ciwon. Sai na kariya, mai ɗauke da budesonide ko beclometasone ko fluticasone, wani lokaci a haɗe da mai buɗe hanya na dogon lokaci kamar yadda yake a Symbicort da Seretide. Shi ne ke kwantar da kumburin, kuma sai an shaƙe shi kullum, har ranar da kike jin garau. Kamar gyaran rufin ɗaki ne: da rani ake yi, ba a jira sai ruwa ya fara zuba a kan gado. Tun 2019 ƙa'idojin GINA, waɗanda likitocin asma na duniya ke bi, suka daina amincewa a riƙe babban mutum da shuɗiyar kaɗai. Idan ita kaɗai gare ki, wannan ce tambayar farko da za ki yi wa likita.

Na san abin da ke tsorata mata: an ce na kariyar dangin sha-ka-fashe ne. Gaskiya dangi ɗaya suke, amma abin da ke cikin fesa ɗaya ɗan mitsitsi ne, kai tsaye huhu yake zuwa, kuma abin da ke shiga jini daga ciki kaɗan ne ƙwarai. Budesonide shi aka fi yin bincike a kansa a jikin masu ciki. Amma idan wani kike shaƙa kuma ya karɓe ki, babu dalilin canzawa. Haka idan kina shan montelukast tun kafin ciki kuma yana yi miki aiki, likita yakan bar ki a kai. Rage magani kuwa, ko da kin samu sauƙi, a bari sai bayan haihuwa.

Ga yadda ake shaƙar ta fesawa. Ki cire murfin, ki girgiza ta sosai, ki zauna a miƙe. Ki fitar da numfashi a hankali har ya ƙare, ki rufe leɓe a bakinta. Ki fara jan iska a hankali, a daidai lokacin ki danna sau ɗaya, ki ci gaba da ja har ƙirji ya cika. Ki riƙe numfashin ki ƙirga goma a zuci, sannan ki saki. Idan fesa biyu aka rubuta miki, ki dakata kamar rabin minti ki sake girgizawa. Idan kin ga farin hayaƙi yana fita ta baki ko hanci, maganin bai shiga ba. Mai garin magani irin Symbicort kuma ba a girgiza ta, ana murɗa gindinta ne har ta yi ƙara, sannan a ja da ƙarfi. Bayan ta kariya ki kurkure baki ki tofar, don kada farin gyambo ya fito miki a harshe ko murya ta dushe.

Haɗa dannawa da jan iska yana da wuya, balle lokacin da ƙirji ya riƙe. Shi ya sa ake sayar da wata roba mai kama da kwalba da ake jona wa inhela. Idan ba ki samu ba, gorar lemo ta rabin lita tana yin aikin. Likitocin yara a Kef Tawun ta Afirka ta Kudu sun gwada ta, suka tarar tana kai magani huhu kamar ta kanti. A wanke gorar da ruwan sabulu, a bar ta ta bushe da kanta, a huda gindinta daidai girman bakin inhela yadda zai shiga ya matse. Ki sa bakin gorar a bakinki, ki fesa sau ɗaya, ki yi numfashi huɗu ko biyar a ciki, sannan ki sake fesawa.

Maganar kuɗi ba a ɓoye take ba. Tun da kamfanin GSK, mai yin Ventolin da Seretide, ya sanar a watan Agustan 2023 cewa zai daina sayar da kayansa kai tsaye a Najeriya, farashin Ventolin da Seretide ya yi tashin gwauron zabi. Akwai salbutamol da budesonide na wasu kamfanoni masu sauƙin kuɗi, ki tambayi mai harhaɗa magani na asibiti ko babban kantin magani mai rajista, ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Abin da nake roƙonki ki guje wa shi ne komawa ƙwayoyin salbutamol na haɗiya, ko allurar da mai kemis zai yi miki a bayan kanta, ko prednisolone da dexamethasone da ake ƙirgo wa mutum a takarda. Ƙwayar haɗiya ta fi sa bugun zuciya da rawar hannu, ta fi jinkirin aiki, kuma sha-ka-fashe ba bisa ƙa'ida ba yana tayar da suga da hawan jini. Shuɗiyar inhela galibi fesa 200 ce. Ki rubuta ranar da kika buɗe ta a jikinta, kuma kada ki bari ta ƙare babu wata a ajiye.

Mataki na uku: ki rarrabe hakin ciki da tashin asma

Yawancin masu ciki suna haki, har waɗanda ba su da asma, saboda sinadaran ciki suna sa a ja numfashi da zurfi, daga baya kuma mahaifa ta tokare ƙirji. Wannan hakin ba ya zuwa da tari, ba ya zuwa da kukan ƙirji, ba ya tashinki da tsakar dare. Duk mako ki yi wa kanki tambaya huɗu. Ciwon ya motsa da rana fiye da sau biyu? Ya tashe ni daga barci ko sau ɗaya? Na ɗauki shuɗiyar fiye da sau biyu? Ya hana ni aikin da na saba, kamar shara ko hawa bene? Idan ko ɗaya amsarta e ce, kada ki jira ranar awo.

Akwai ɗan bututun da ake hurawa yana nuna ƙarfin fitar iska da lamba. Ciki ba ya rage wannan lambar, don haka idan ta sauka, asma ce. Ki hura sau uku da safe, ki rubuta mafi girma. Daga kashi 80 cikin 100 na lambarki mafi kyau zuwa sama, lafiya lau. Tsakanin 50 da 80, ciwon ya fara ƙwacewa, a ga likita. Ƙasa da 50, asibiti nan take.

An fi samun tashin ciwon tsakanin mako na 24 da na 36, wato daga wata na shida zuwa ƙarshen na takwas. A watan ƙarshe yakan lafa. Mura ce kan gaba wajen tayar da shi, don haka ki riƙa wanke hannu, ki nisanci mai atishawa, idan kuma asibitinki na da allurar rigakafin mura ki karɓa. Ƙwannafi ma yana tayar da tarin dare: ki ci abincin dare da wuri, ki rage yaji da maiƙo, ki ɗaga kan gado. Idan haki ya yi yawa kuma inhela ba ta rage shi ba, a duba jininki, domin ƙarancin jini da zazzaɓin cizon sauro su ma suna sa haki.

Mataki na huɗu: iskar ɗakinki

Legas gari ne mai danshi, kuma yawancinmu a ɗaki ɗaya ko ciki da falo muke, a gidan haya mai mutane da yawa. Danshi yana haifar da fumfuna a bango da bayan durowa, yana kuma raya ƙananan ƙwarin ƙura da ido ba ya gani a cikin katifa da kafet. Ki shanya katifa da filo duk ranar da rana ta fito, ki wanke zanin gado duk mako, ki goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya a busasshen ɗaki. Idan da hali a naɗe kafet a ajiye sai bayan haihuwa. Baƙin da ke bango wani ya goge shi lokacin da ba kya ɗakin. Kyankyaso ma yana tayar da asma, to a rufe abinci, a fitar da shara kafin a kwanta. Idan za a fesa maganin ƙwari, ki fita, kada ki dawo sai an buɗe taga warin ya tafi.

Maganin sauro na kunnawa, wanda ke ci yana hayaƙi har asuba, ki rabu da shi. Gidan sauro mai magani ya wadatar, kuma shi ake so mai ciki ta kwana a ciki tun asali. Janareto kada a kunna shi a baranda ko ƙarƙashin taga, naku ko na maƙwabci. Bayan tayar da asma, hayaƙinsa yana da gubar da ba ta da wari wadda ke hana jini ɗaukar iska, kuma ta fi yi wa ɗan ciki illa. A nan maigida ne ya kamata ya yi wa maƙwabcin magana cikin mutunci. Girki da risho ko gawayi a yi shi a waje, gas ma a buɗe taga. Idan unguwarku ana ƙona shara ko taya, ki lura da lokacin da iska ke kaɗo hayaƙin ki rufe tagar wannan ɓangaren. A danfo ko keke cikin cunkoso ki sa takunkumi, haka idan hazon hunturu ya sauko tsakanin Disamba da Fabrairu.

Sai turaren wuta. Na san matsayinsa a ɗakin matar Bahaushe, na san yadda ake kallon ɗakin da ba ya ƙamshi. Amma kasko da garwashi a rufaffen ɗaki hayaƙi ne yake shiga huhun da ya riga ya kumbura, kuma mata da yawa ba sa haɗa tarin darensu da turaren da suka sa bayan magariba. Ki gwada mako biyu babu shi ki gani. Idan dole ne, wata ta turara kayan a waje, a bar su su sha iska kafin a shigo da su. Humra da turaren fesawa mai ƙarfi ma ki lura da yadda ƙirjinki ke amsa su. Malam, idan kana shan sigari ko shisha, wannan naka ne: ko a waje ka sha, warin yana biyo rigarka ɗaki. Cikin matarka dalili ne isasshe na bari.

Mataki na biyar: idan ciwon ya tashi

Wannan ɓangaren ki karanta wa maigida da duk wanda kuke kwana gida ɗaya. Ki zauna a miƙe, ki ɗan sunkuyo gaba, kada ki kwanta rigingine. A buɗe taga, a sassauta miki kaya, a kawar da abin da ya tayar da shi. Ki shaƙi shuɗiyar ta cikin gora, fesa ɗaya bayan ɗaya, daga huɗu har zuwa goma. Idan bai sake ki ba a maimaita bayan minti 20, amma tun zagaye na farko a fara neman mota. Wadda likita ya ɗora a kan Symbicort a matsayin kariya da agaji duka, ta bi adadin da ya rubuta mata.

Akwai alamun da ba a jira da su: ba kya iya ƙarasa magana da numfashi ɗaya, leɓe ko farce ya canza launi, gumi da gajiya sun rufe ki, kina gyangyaɗi ko rikicewa, ƙirjin da ke kuka ya yi shiru alhali numfashi bai dawo ba, ɗan ya rage motsi, ko mara ta fara ciwo ko jini ya ɓalle. A kira 112 ko 767, lambobin gaggawa na jihar Legas, kyauta ne. Idan motar asibiti za ta daɗe, a ɗauki abin da ke kusa zuwa asibiti mafi kusa mai oksijin, kina ci gaba da shaƙa a hanya. Ki ajiye lambar mai keke ko direban unguwa biyu da za su ɗaga waya da dare. Maigida, idan sana'arka tana kai ka Apapa ko Alaba Rago tun asuba, ka ba ta izini tun yau cewa ta fita asibiti ba sai ta same ka ba, ka kuma bar kuɗin mota a inda ta sani. Tofi da addu'a a yi su a cikin mota.

A asibiti za a sa miki oksijin don awon iskar jininki ya tsaya a kashi 95 cikin 100 ko sama, a ba ki salbutamol ta na'urar tururi, wani lokaci da ipratropium, a ba ki prednisolone na kwana biyar zuwa bakwai ko allurar hydrocortisone. Ki karɓa. Mabiyiya tana karya mafi yawan prednisolone kafin ya isa ga ɗan, kuma rashin iska ya fi shi haɗari. Idan likita ya ga buƙatar hoton ƙirji, kada ki ƙi. Hasken da ke cikinsa kaɗan ne. A duba bugun zuciyar ɗan kafin a sallame ki, ki koma ganin likita cikin mako guda.

Mataki na shida: hawan jini, azumi, da goyon ciki

Idan jininki ya hau, akwai maganin da ake yawan ba masu ciki mai suna labetalol, wanda ke iya matse hanyoyin iska. Ki tuna wa mai rubutawa kina da asma. Akwai nifedipine da methyldopa a madadinsa. Ana kuma ba wasu ƙaramin asfirin don kare jijjiga. Yawancin masu asma suna shan shi lafiya, amma wadda ya taɓa tayar wa da ciwo ta faɗa.

Azumi kuwa, shari'a ta yi wa mai ciki da maras lafiya rangwame. Malamai sun saɓa a kan ko inhela tana karya azumi, kuma da yawa sun ce ba ta karyawa. Idan likita ya yarda ki ɗauka, ta kariya a sahur da bayan buɗa-baki. Ciwo na tashi, ki shaƙa.

Idan za ki tafi gida goyon ciki, Kano ko Katsina ko Sakkwato, ki lura cewa watan da aka saba tafiya, na bakwai ko na takwas, shi ne lokacin da ciwon ya fi tashi. Idan ya haɗu da hunturu, kin bar danshi kin faɗa ƙura da sanyi. Ki ga likita kafin tafiya ya rubuta miki takardar bayani, ki sayi maganin da zai kai ki arba'in, ki riƙe shi a jakar hannu. Makon da kika sauka ki yanki kati a babban asibiti, kuma tun kina Legas ki gaya wa Inna ko Gwaggo a waya cewa a asibiti za ki haihu, don kada maganar ta taso ranar naƙuda.

Mataki na bakwai: naƙuda

Labari mai daɗi shi ne tashin asma mai tsanani a lokacin naƙuda ba kasafai ake ganin sa ba, domin jiki da kansa yana fitar da sinadaran da ke buɗe ƙirji a wannan lokaci. Asma kaɗai ba dalilin tiyata ba ce. Yawancin masu asma da kansu suke haihuwa. Inheloli biyun da gorar su ne farkon abin da zai shiga jakar haihuwa tun wata na takwas, kuma ranar naƙuda ma ki shaƙi ta kariya a kan lokacinta.

Kina shiga ki gaya wa ungozoma, ko 'yar rakiyarki ta faɗa: “Sista, tana da asma, ga maganinta.” Idan an canja masu aiki a sake faɗa. Dalilin shi ne wasu alluran da ake tsayar da zubar jini da su bayan haihuwa, ergometrine da carboprost, suna iya shaƙe mai asma. Oxytocin, wadda ita ce ta farko da ake yi, ba ta da wannan matsalar, haka misoprostol da tranexamic acid. Idan jini ya ƙi tsayawa likita ne zai auna, amma sai ya sani zai auna daidai. Wannan kaɗai ya isa dalilin kada ki haihu a gida ko a ɗakin da babu oksijin.

Idan kin shafe makonni kina shan prednisolone kafin haihuwa, ki faɗa, domin za a riƙa yi miki allurar hydrocortisone a lokacin naƙuda don jiki ya iya ɗaukar wahalar. Idan tiyata ta kama, allurar baya wadda ke kashe rabin jiki ta fi dacewa da mai asma a kan wadda ake sa mutum barci a zura masa bututu a maƙogwaro. Idan kin shaƙi salbutamol da yawa cikin kwana biyu kafin haihuwa, a duba sugan jaririn a ranar farko.

Mataki na takwas: jego

Ki shayar da ɗanki hankali kwance. Inheloli duka da prednisolone ba sa hana shayarwa. Don ciwon bayan haihuwa farasitamol ya isa ga wadda diclofenac ko ibuprofen ke tayar wa da ciwo. Rashin barci da hidimar jariri suna sa mai jego ta manta da ta kariya, to ki ajiye ta kusa da buroshin haƙori ko abin sallah.

Wankan jego a Legas sau da yawa a bayan gida ake hura icen, hayaƙi yana shiga ɗaki safe da yamma. A nisanta murhun, wata ta dafa ruwan, a surka shi ya zama mai ɗumi. Ɗakin mai jego kuma, musamman daga haihuwa zuwa ranar suna, cike yake da 'yan barka, kowa da turarenta, ga kasko ba ya mutuwa. Ki samu babbar mace ɗaya a dangi, yayarki ko gwaggonki, ki ɗora mata wannan aikin, domin ita za ta iya cewa “a fitar da kaskon nan” ba wanda ya ji haushi. Huhun jaririn ma yana amfana: ɗan mai asma ya fi kusa da gadon ciwon, kuma hayaƙi a watannin farko yana ƙara masa tari da kukan ƙirji.

Akwai abu ɗaya da nake so kowace mai jego da masu kula da ita su riƙe. Ba duk haki bayan haihuwa ne asma ba. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka bayyana yawan ciwon zuciyar da ke kama matan Hausawa bayan haihuwa, suka danganta shi da zafin wankan jego da kwanciya a gadon wuta da gishirin da ke cikin kunun kanwa. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya nuna akwai wasu dalilan ma. Alamunsa kumburin ƙafa da fuska, kasa kwanciya sai an tara filo, tarin dare, da hakin da inhela ba ta taɓa shi. Haka idan ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko ƙirji ya soke ki farat ɗaya da haki, yana iya zama gudan jini ne ya tafi huhu. Mai asma ta fi kowa saurin cewa “ai ciwona ne” ta ƙara fesa. Idan kin fesa bai saki ba, asibiti a ranar. Kanwar kuma a rage ta ƙwarai, wadda jininta ya hau a lokacin ciki ta bar ta gaba ɗaya.

A awon mako shida, wanda ya zo daidai da arba'in, ki nemi a duba ƙirjinki tare da na mahaifa. Yawanci cikin wata uku asma takan koma yadda take kafin ciki, kuma a nan ne likita zai duba ko a rage maganin da aka ƙara miki. Ki sa a rubuta a katinki watan da ciwon ya fi tashi, abin da ya tayar da shi, da maganin da ya yi aiki, ki ajiye katin tare da na rigakafin yaron don ki kai wa likita a ciki na gaba.